Buhu Goma Sha Biyu a Gonar Furera

Shekarar da soja suka tattara takalmansu suka koma bariki, babu wanda ya hau mulki a birnin Katsina kamar Babaji tela na Ƙofar Kwaya. Ba a zaɓe shi komai ba. Iyakar abin da ya yi shi ne ɗinka tutocin jam'iyya lokacin kamfe, amma tun daga ranar rantsuwa ya daina cewa "gwamnati ta ce", ya koma "mun ce". In rediyon da ke rataye a jikin kekensa ya ambaci sabon titi, sai ya gyaɗa kai a hankali, kamar da safen nan aka kawo masa takardar ya sa hannu.

Babaji bai taɓa riƙe fartanya ba. A gindin hasumiyar Gobarau aka haife shi, ya tashi yana ganin gero a ƙwarya an riga an surfe. Duk da haka gidansa bai san sayen hatsi ba, domin matarsa Furera ta gaji gona a Unguwar Kanya, can bayan Ƙofar Marusa, kuma ƙaninta Mati ne ke noma mata ita, tun da iyaka ɗaya take da tasa. Kowace kaka Mati kan cire rabonsa ya kawo dami arba'in. Shi ne tuwon gidan, shi ne fura, shi ne kokon yara biyar har shekara ta zagayo. Ɗinki kuwa bai wuce cefane ba. Kowace bazara kuma Mati kan shigo gari da jaki da mangala, ya kwashe kashin awakin Furera da tokar murhu da sharar tsakar gida ya kai gona. Haka ubansu ya yi, haka shi ma ya tarar.

Ana nan sai rediyo ya ce gwamnati ta ware maƙudan kuɗi don takin zamani da tarakta, wai don arzikin mutanen karkara ya bunƙasa, kuma kowane kansila ya kawo sunayen manoman mazaɓarsa. Kansila Haruna mutum ne da ba ya son wahalar da mota a hanyar ƙauye, don haka a kan bencin ƙofar shagon Babaji aka rubuta sunayen. Kafin la'asar Malam Sada wanzami ya zama manomi, mahaucin bakin titi ya zama manomi, mai wankin hula ma ya zama manomi. Da aka zo batun shugaban ƙungiyar manoman, Babaji ya ce shi dai ba ya son muƙami, amma ba zai zuba ido ƙasa ta lalace ba. Kansila ya ce to, dama ana son gonar gwaji guda ɗaya wadda manya za su zo su gani da 'yan talabijin. Babaji ya ce a rubuta tasa.

"Taka wacce?" in ji Sada, yana wasa askarsa a tafin hannu. "Ko tukunyar na'ana'ar da ke bayan shago?"

Babaji ya ce masa jahilci ne ke sa mutum tambaya a gaban kansila.

Da ya shiga gida ya shaida wa Furera cewa bana shi zai noma gonarta, kuma ta fara neman inda za ta zuba dami ɗari biyu. Furera tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce ita arba'in ɗin nan ba su taɓa yi mata laifi ba. Ya ce ai matsalar ƙasar nan ke nan, ƙaramin buri. Ta ce yara ba buri suke ci ba. Ya ce ta jira ta gani. Ta ce Allah Ya sa mu ga alheri, ta ci gaba da tsintarta, amma ranar ta daɗe a kan sallaya bayan magariba.

Kwana uku bayan haka Mati ya iso da jakinsa. Babaji ya tare shi a ƙofar gida, a gaban 'yan majalisar hira, ya bar shi ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, sannan ya sanar da shi cewa zamanin jaki ya wuce tare da mulkin soja. Gonar gwaji ba ta cin ƙazanta. Taki na nan tafe daga ƙasar waje, fari fat, a cikin buhu mai rubutu.

Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, Mati kuwa ba ya barin haƙƙinsa ya kwana. Ya dubi tafin hannun Babaji ya ce, "Mijin Yaya, hannun ga naka in ya riƙe hauya, wa zai ɗinke shi?"

Babaji ya sa aka kwashe kashin awakin aka zubar a juji don kowa ya shaida. Mati ya ja jakinsa ya zagaya jujin, ya cika mangala, ya yi sawu huɗu. Tun da gonar yayarsa ta ƙoshi, sai ya zuba a tasa.

Ruwan shuka ya sauka, duk Unguwar Kanya aka fita da sungumi. Gonar Furera kaɗai ta zauna tana jiran tarakta, ita kuma tarakta tana can tana gyara gonakin waɗanda suka fi Babaji kusa da "mu". Sai da geron mutane ya kai gwiwa sannan aka aiko cewa gobe layinsa ne. Babaji ya hau kekensa ya je duba wuri. Ko'ina ya yi kore shar, kuka da kanya da ɗorawa duk sun yi ganye, amma a tsakiyar gonar ga wasu manyan itatuwa uku tsaye tsirara, ko ganye ɗaya babu. Ya girgiza kai don takaicin sakacin mutanen ƙauye, a bar matattun itatuwa suna cin wuri shekara da shekaru. Nan take ya samo masu faskare.

Biyu sun riga sun faɗi lokacin da Mati ya iso da gudu, ya rungume na ukun kamar mai raba faɗa. Ya ce wannan gawo ne. Shi da damina yake zubar da ganye don kada ya yi wa shuka inuwa, da rani ya tsiro, dabbobi su kwanta a gindinsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Duk gonar babu inda gero ke yin kyau kamar ƙarƙashinsa, ko yaron goye ya san haka. Babaji ya ce itacen da ke barci lokacin aiki, ya farka lokacin hutu, ba irin wanda sabuwar gwamnati ke so ba ne.

Da labari ya kai gida Furera ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai a gindin na tsakiyan nan babansu yake shimfiɗa buzu ya yi azahar. Daga nan ta zuba masa tuwo, ta manta da miya.

Washegari tarakta ta zo da rurinta, mutanen ƙauye suka bar aikinsu suka jeru a iyaka. Babaji ya hau ya tsaya a bayan direba da babbar riga, yana nuna hanya da sanda. Zagayen farko ta tuge gambar da ke raba gonar da ta maƙwabci. Zagaye na biyu ta hau kututturen gawo, ta ɗaga hanci sama, ta mutu. Babaji ya sauka ta baya ba da niyyarsa ba. Sai da aka ɗauro shanun huɗa guda huɗu suka janye ta, direba ya ci kaji biyu na haƙuri, ya tafi ya bar rabin gona ba a taɓa ba. Wani dattijo ya tambayi Babaji cikin ladabi ko gobe ma za a yi, don ya gayyato surukansa.

Ranar shuka 'yan ƙungiya suka zo da kansu, saboda an ce za a ɗauki hoto. Ba a ɗauka ba. Mahauci yana sara rami kamar yana datsa ƙashi, Sada yana bi yana zuba iri cike da hannu, Babaji yana ƙarƙashin gawon da ya tsira yana neman inuwar da babu. Da shukar ta fito kowane rami ya yi cunkus kamar kan da ya shekara bai ga wanzami ba. Mati ya leƙo ta iyaka ya ce a rage, a bar uku ko huɗu a gindi, in ba haka ba za su shaƙe juna. Babaji ya ce manufarmu ƙari ce, duk mai maganar ragi ɗan adawa ne.

Taki kuwa shiru. Rediyo ya ce ya iso tashar jirgin ruwa. Rediyo ya ce ya taso. Rediyo ya ce an kafa kwamiti. Sai da geron ƙauye ya kai ƙirji ya fara ciki sannan aka buɗe sito. 'Yan ƙungiya suka karɓi nasu, kuma ko ɗaya bai sha wahalar ɗauka ba, domin a bakin ƙofar akwai manyan motoci masu fuskantar iyakar ƙasa suna jira. Sada ya dawo da sabuwar katifa. Mutanen Unguwar Kanya da ba su san benci ba, wanda ya matsu sai ya je kasuwa ya auno a tiya, da tsadar da ko zamanin soja ba a gani ba. Babaji shi kaɗai ya kai nasa gona, buhu goma sha biyu na yuriya, rabon shugaba. A faɗi gaskiya, a duk ƙungiyar shi ne bai ci amana ba, kuma shi ne ya fi kowa ɓarna.

An sa ranar Alhamis manya za su zo. Ran Litinin geron Babaji bai wuce gwiwa ba, siriri, rawaya-rawaya, ga shi ruwa ya ɗauke kwana tara, ƙasa ta yi zafi kamar kasko. Malamin gona da ya kamata ya zo ya nuna yadda ake yi yana can gari, babur ɗinsa ba mai. Mati ya sake leƙowa, wannan karon ba da wasa ba. Ya ce a jira ruwa. In ya sauka, a ɗebi cikin murfin kwalba ɗaya, a tona nesa da gindi kamar taƙi guda, a rufe. Buhu biyu sun ishi gonar, sauran a raba wa mutane, ga layi nan na masu so.

Babaji ya dube shi da tausayi. Ya ce shekara talatin yana ɗinki, ya ga rigar da ta lalace don yadi ya gaza, bai taɓa ganin wadda ta lalace don yadi ya yi yawa ba. Murfin kwalba na talaka ne. Ya ɗauko kwanon sha, ya bi gindi-gindi yana tulawa har sai ya rufe ƙafar shukar. Kafin azahar ta Talata buhu goma sha biyu sun ƙare, gona ta yi fari kamar an shanya likkafani.

Ran Laraba ganyen ya fara ƙonewa daga baki. Wani wari mai hawa ka ya tashi, har akuyar da ta saba satar shiga ta tsaya a iyaka ta yi atishawa ta juya. Babaji ya ce wa masu kallo alamar nuna da wuri ke nan. Amma da ya kama ganye ɗaya sai ya ji ya murmushe a hannunsa kamar taba. Ya tuna ɗakin hatsin Furera, wanda jiya ya ji tana kankare ƙasansa da ƙoƙo. Tunanin bai daɗe ba, domin idonsa ya faɗa kan gonar Mati, baƙa ƙirin don kore, zangarniya ta fara leƙowa. Kuma Alhamis ce ranar kasuwar da Mati ba ya fashi.

Ya koma shago ya zauna a kan keke. Duk ragowar yadin tutocin kamfe ya haɗa su ya ɗinka labule ɗaya mai tsawon gaske, aiki mai kyau, don a ɗinki ba a raina shi. Bayan sallar asuba shi da Sada suka kafa sanduna a kan iyaka, suka rataya labulen ya rufe gonar Furera ruf, sannan suka tuge allon gonar gwaji suka dasa a bakin ta Mati. Sada ya ce shi fa kansa kawai aka ɗora wa allo, in ta ɓaci bai san komai ba.

Da hantsi motoci shida suka iso. Babban darakta daga ofishin rabon taki ya fito, Kansila Haruna yana riƙe masa lema, mai kamara yana tafiya da baya. Mutanen ƙauye suka taru, suka dubi allo, suka dubi labule, suka dubi juna, suka gyara tsayuwa, don ba a katse wa mutum abin kallo. Babaji ya sha rawani. Ya yi bayanin yadda ya auna ƙasa da ido, yadda ya tsara layi, yadda ya wayar da kan jama'ar yankin, waɗanda kafin zuwansa ko sunan itatuwansu ba su sani ba. Ya ce bana talakan karkara zai sayi babur, baɗi ya je Makka. Darakta ya ji daɗi ƙwarai. Ya tattare riga ya durƙusa don kamara, ya damƙo ƙasar gindin gero ya ɗaga sama. Da ya buɗe hannu sai ga 'yan ƙwallaye baƙaƙe suna gangarowa.

Ya tambayi wane irin taki ne wannan. Babaji ko ƙiftawa bai yi ba, ya ce sabon samfuri ne, mai ƙwaya, ba a ba kowa ba sai shugabanni.

"Na awakin Yaya Furera ne, ranka shi daɗe," in ji wata murya daga baya. "Baƙar ce ta fi zubawa."

Mati ne, da jakinsa. Ya ga hadari ya haɗo daga gabas tun da safe, ya fasa kasuwa. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya yi wa baƙi barka da zuwa gonarsa, ya ce da an sanar da shi da ya sa an dama fura. Darakta ya tambaye shi buhu nawa ya samu. Mati ya ce shi ba a rubuta shi ba, an ce sai manomi, shi kuwa ba ya da shago a gari.

Babaji ya ce kada a kula shi, ƙanin matarsa ne, wasa ne tsakaninsu. Darakta ya ce to ina takin gwamnati ya tafi. Kansila ya fara nazarin sandar lema. Mati ya buɗe baki zai amsa, sai iskar hadari ta riga shi. Ta cika labulen nan ya kumbura, sanduna suka tuge ɗaya bayan ɗaya, yadi ya taso gaba ɗayansa ya lulluɓe darakta da kansila da lemarsu. Da aka zare su daga cikin tutocin jam'iyyarsu, abin da ke gabansu shi ne gonar Furera, jajawur kamar an yi gobara, da tulin farin taki a gindin kowace gawar shuka, da kututture biyu, da buhuna goma sha biyu da Babaji ya ninke tsaf ya danne da dutse.

Dattijon nan na ranar tarakta ya ce Alhamdu lillahi, yau surukansa na nan.

Aka nemi Sada aka rasa. Ruwa ya kece, manya suka ruga mota. Kafin ya rufe ƙofa, darakta ya ce wa mai kamara ya ajiye na farkon, ya goge na ƙarshen. Babaji ya tsaya shi kaɗai, rawani ya jiƙe ya warware, yana kallon ruwan da da ya jira shi kwana uku da an yi abin kirki.

Da yamma rediyo ya ba da labarin gagarumar nasarar gonar gwaji ta Unguwar Kanya, ya ce bincike ya nuna samun manoman yankin ya ninka. An ce da Mati ya ji sai ya laluba aljihunsa na dama, ya laluba na hagu, ya ce wataƙila nasa yana tashar jirgin ruwa.

Kaka ta yi. Gonar Furera ta ba da dami uku, su ma rabinsu ƙaiƙayi. Ƙungiya ta sauke Babaji saboda ya zubar mata da mutunci, ta naɗa Sada, wanda aƙalla ya san inda ake kai taki. Ɗakin hatsi ya zama wurin kwanan kaji. Ranar da Furera ta dama koko ya fito tsararo har ƙaramar 'yarsu ta ce tana ganin fuskarta a ciki, ranar ce Mati ya yi sallama da jaki ɗauke da dami.

Ya zauna a zaure, ya gaisa, ya ce ya zo da magana biyu, mijin Yaya ya zaɓa. Ya fitar da zakkar geronsa, ɗaya cikin goma, kuma ya tambayi liman, liman ya ce ta halatta ga tsohon shugaban manoma in dai ba shi da abin ci. Sai dai shi a ƙofar gida yake ba da zakkarsa, da rana, a gaban majalisa. In kuwa ba a son wannan, zai ciyar da gidan yayarsa har wata kaka, amma gonar da aka ƙone tana son taki sawu sittin kafin ta farfaɗo, shi kuma ƙafarsa ta gaji da hanyar gari. Zai bar jakin.

Babaji ya miƙe ya ce shi jikan mutanen Gobarau ne, ba a taɓa yi masa irin wannan cin fuska ba, kuma zai kai maganar sama. Daga bayan ƙofa Furera ta ce, a hankali, "Malam, tukunya tana kan wuta, ruwa ne kaɗai a ciki. Wanne za a sauke, tukunyar ko damin?"

Sati bai cika ba 'yan majalisar Ƙofar Kwaya suka ga Babaji ya fito daga lungu da tsohuwar riga, yana jan jaki, mangala cike tana zuba. Sada ya ɗaga aska daga kan wanda yake yi wa aski, ya yi masa barka da hantsi, ya tambayi ko sabon samfurin ne.

Babaji ya tsaya, ya gyara hula. Ya ce su ba za su gane ba, wannan shiri ne na musamman da ake gwadawa a asirce, Turawa ma can sun fara komawa kansa, kuma duk jihar nan mutum ɗaya aka ga ya cancanta a damƙa wa. Yana cikin bayani jakin ya gaji da jira, ya fizge igiya ya kama hanyar Ƙofar Marusa shi kaɗai, don ya fi shugaban sanin inda gonar take. Babaji ya bi shi da sassarfa yana kiran ya tsaya a yi shawara.

Bai kai ga shan kwana ba ƙaramar 'yarsa ta leƙo daga zaure ta ɗaga murya yadda duk bencin zai ji, ta ce Inna ta ce in ya dawo akwai sauran na baƙar akuya a bayan madafi, saura sawu hamsin da tara.